Kunnen Baba da Wayar Shanya

Bazarar bana ce ta tono mini wannan magana. Zafi ya kai zafi, ganyen darbejiyar ƙofar gida ko motsi ba ya yi, kowa ka gani idonsa na gabas. Bayan magariba na ce wa jikata ta sauko mini da tsohuwar rediyon nan da ke saman kabad. Ta sauko da ita tana dariya, ta ce, "Hajiya, in ruwa kike nema ai ga shi nan a waya. Sun ce sai mako mai zuwa." Ta miƙo mini wayar, na ga zanen ɗan gajimare da ɗigo uku a ƙarƙashinsa. Na ce ta riƙe abinta. Na sa wa rediyon batir, na murɗa allura zuwa matsakaicin zango, na nemi wurin da babu tasha, na kara kunne. Ban ji komai ba sai wani gurnani mara yankewa, na cajar waya da ƙwan sola da janareton maƙwabta. Ko tsawa aka yi a bayan ɗakina ba na jin za ta ratsa wannan gurnani. Na kashe ta na ajiye. Raina ya ɓaci ƙwarai, yarinyar kuma ta tsaya tana tunanin abin da ta yi mini.

Ba ta yi mini komai ba. Ita rediyon da ta sani ta cikin mota ce da ta cikin waya, ef'em ɗin nan mai murya tas. Ni ma ina saurare, ban ce ba ta da daɗi ba. Amma ba ta da nisan tafiya. Ka baro gari a mota, kafin awa guda ta fara tsinkewa, ka gangara kwari ta ɓace, ka hau tudu ta leƙo, daga nan kuma sai wata tashar ta hau kanta. Sannan ba ruwanta da sama. A yi hadari, a yi walƙiya, mai gabatarwa yana ta surutunsa kamar ba a yi ba. Yara suna ganin wannan ci gaba ne. Wataƙila ci gaban ne, amma ni na taso a gidan da ake jin motsin sama a cikin rediyo.

Ƙauyenmu yana tsakanin Funtuwa da Ɗanja, ba sai na faɗi sunansa ba, yau ma rabin gonakinsa na nesa ba mai iya zuwa. Baba ya sayi rediyonsa wata shekara da auduga ta yi kyau. Ya kai wa baduku ya ɗinka mata rigar jar fata mai huji-huji a gaba, ya yi kwanaki yana yawo da ita cikin gida yana gwaji, kusurwa-kusurwa, har ya gano inda ta fi kamawa, gefen tagar turakarsa. Nan ya kafa ƙusa ya rataye ta, kuma nan ta zauna. Ba mai taɓa ta. Inna ma in tana shara kewaye ta take yi. Bai yi boko ba, amma ya san iyakar rediyon nan kamar yadda ya san iyakar gonarsa. Ya san Kaduna ba ta ƙin zuwa, safe ko rana. Ya san Kano da rana tsaka muryarta sanyi take yi, sai rana ta karkata ta warware. Ya san da zarar magariba ta yi, tashoshin nesa suke fara shigowa, wasu da harsunan da ba mu taɓa ji ba, su zo su tafi kamar numfashi. Ya san lokacin sanyi muryoyi sun fi fitowa fes, da damina kuma sai da haƙuri. In batir ya yi sanyi yakan ce, "Duniya ta ƙanƙance, yau ba ta wuce Kaduna ba."

Amma ba don labarai ko waƙa aka san shi ba. Tsakanin Kaduna da Kano, a kan gilashin nan da allura ke bi, akwai wani wuri da babu tasha. Baba ya yi masa 'yar alama da bakin wuƙa. Da bazara ta kama, kullum in ya dawo daga sallar magariba sai ya shiga turaka, ya ce a yi shiru, ya kai allura kan alamar, ya tsaya da kunnensa na hagu daf da fatar. Mu yara ko tari ya taso mana sai mu haɗiye. Sama yake saurare. Ƙarar da yake ji iri uku ce, kuma shi ya raɗa musu suna. Ta farko suya, wani ɗan cur-cur can ƙasa kamar ana suyar ƙosai a gidan maƙwabta. Ta biyu tari, mai zuwa jefi-jefi da ɗan ƙarfi. Ta uku karyar kara, ƙas-ƙas a jere, har allurar kamar ta motsa. In ya gama sai ya fita dakalin masallaci inda maza ke jiransa. "Suya yake yi, bai ma baro Kaduna ba." Bayan kwanaki, "Ya fara tari, ya iso Zariya." Ranar da ya ce, "Karyar kara ce, ku gyara sungumi," to an san ruwan shuka ba zai wuce kwana biyu ko uku ba. Yakan ce hadari daga gabas yake tasowa, amma damina daga kudu take hawowa, gari-gari, kuma shi ƙafarta yake bi.

Amfanin wannan a wurin binne yake, wato a zuba iri a busasshiyar ƙasa kafin ruwa ya sauka, don ranar da ya sauka ya iske shi a kwance. Mai binne yakan riga kowa, amma kasada ce. In ka yi da wuri, zabi da kurciya da tururuwa su yashe ka. Mafi muni, a yi ɗan yayyafi, iri ya ruɗu ya tsiro, rana ta ƙone shi. Baba ya yi shekaru yana binne bai taɓa asara ba, har mutane suka daina duban tsuntsaye da tohon itace, suka koma duban bakinsa. Daga unguwar Kiristocin da ke ƙetaren rafi ma akan aiko a tambaya, "Malam ya ce me?" Ba ya son a ce masa mai duba. Yakan ce, "Ni ban san gaibu ba. Abin da na ji nake faɗa." Kuma yana kiyaye awonsa matuƙa. Kowace shekara farkon bazara yake sa sababbin batir, ba ya sauke rediyon daga ƙusa har a yi shuka, don kada wani abu ya canja masa ji.

Akwai kuma iri. Wata dawa ce, kaura, da kakanmu ya zo da ita, mai gajeren wuya, ƙwayarta rawaya jawur, tuwonta yana kwana bai saki ba. Ba a samunta a kasuwar Funtuwa, ba a samunta a ta Ɗanja. Gida biyu ne kawai ke da ita, namu da na Kawu, ƙanen Baba. Tun a gona Baba yake zaɓen zangarniyoyin da suka fi cika, ya ɗaure su daban, Inna ta rataye su a madafi hayaƙi na bugunsu. In shuka ta zo yakan raba irin uku, ya shuka kashi biyu, ya ɓoye ɗaya a tulu da toka ko da wani abu zai faru. Shekarar da nake magana, daminar da ta gabace ta ba ta yi kyau ba. Rumbu ya ƙare da wuri, dawar kasuwa muke ci. Kaurar da ta rage a duniya ita ce wadda ke rataye a madafinmu da madafin Kawu.

Rashin kyan daminar nan ne ya sa yayana, ɗan farin gidanmu, ya tafi Jos neman aiki. Ni ce ke bi masa, kuma ni kaɗai ce ke zuwa makaranta a lokacin, don haka ni ke karanta wasiƙunsa. A wata wasiƙa ya rubuto cewa ya sayi katin zaɓi sonka na tashar Jos, ya sa sunayenmu duka, mu saurara ranar Laraba da la'asar, bai dai san wace Larabar za a karanta ba. Da na kai nan Baba ya girgiza kai. Ya ce, "Jos ba ta kawowa nan da rana. Da duhu ma sai ta ga dama. Ya yi asarar katinsa." Inna tana gefe tana tankaɗe. Ɗan fari ne, ba ta faɗin sunansa, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. Ta ce, "Yo shi wancan ai bai da aikin yi." Amma Larabar da ta biyo, la'asar na yi, Baba na can sharar gona, sai na ga ta kwaso turmi da faifai ta dawo da su daidai ƙarƙashin tagar turaka, wurin da ba ta taɓa aiki ba. Na gane abin da take so. Na lallaɓa na shiga turakar.

Na kunna rediyon. Na bi allura a hankali har na ji wani abu can ƙasa, kamar mutum na magana cikin rijiya. Da na kama eriyar da hannu sai muryar ta ɗan taso. Da na saki ta koma. Ina da rawar kai a lokacin, Allah ya sani, kuma malaminmu ya taɓa ce mini mai ƙwaƙwalwa, abin ya shiga kaina. Na leƙa bayan rediyon, ƙarƙashin fatar, na ga wata 'yar huda. Na tuna a cikin tarkacen da Yaya ya bari akwai wata siririyar wayar jan ƙarfe. Wayar shanyarmu kuwa ta ƙarfe ce, irin wadda ake ɗaure dilar auduga, an haɗa ta guntu-guntu, ta taso daga gefen tagar Baba ta ratsa tsakar gida har reshen tsamiya. Na cusa bakin siririyar a hudar, na bi da ita ta tsagar bango, na fitar ta taga, na naɗe ta a wayar shanya. Da na sake kunnawa, sai ga Jos. Ba ƙarau ba, amma kowace kalma ana ji. Daka ta tsaya a waje. Ranar ba a karanta katinmu ba. Na mayar da allura kan alamar Baba, na kashe. Wayar kuma na bar ta, don da ƙyar na sa ta, kuma ba ta ganuwa sai an sauke rediyon. Na fito ina jin kaina wata tsiya.

Da magaribar ranar Baba ya daɗe a ciki fiye da kullum. Ya fito yana duban sama, sama kuwa tarwai, taurari sun fara fitowa. Ya ce wa Inna, "Ikon Allah. Jiya suya yake yi da ƙyar, yau tari." Washegari ya ce karyar kara ce. Kawu ya biyo shi har gida, ina jin su daga bakin madafi. Kawu ya ce, "Yaya, anya kuwa? Iska ba ta juya ba. Shamuwa ma ban ga ta iso ba. A ɗan ƙara kwana biyu mana." Baba ya ce, "Shamuwa ce ta taɓa ba ka ranar shuka ko ni? Shiga ka ji da kunnenka." Kawu ya shiga, ya fito yana cewa lallai abin da ƙarfi. Ni kuma ina wanke-wanke ina tunanin Laraba mai zuwa. Wallahi ko kusa ban kawo wa raina cewa ƙarar da suke ji tana da alaƙa da wayata ba.

Aka yi binne. Har yau ina jin ƙarar sungumi a busasshiyar ƙasa, kaf, kaf, Baba da Kawu a gaba suna sara, mu muna bi da ƙoƙon iri, mu zuba mu rufe da diddige, ƙasar na ƙona mana tafin ƙafa. Rabin ƙauyen ya fita ranar. Kwana biyu, shiru. Kwana uku, shiru. Rana ta biyar wani ɗan hadari ya gifta ya yi yayyafin da bai ko kwantar da zafi ba, amma ya isa ya ta da iri. Kaura ta leƙo, koriya shar, layi-layi. Sai rana ta buɗe. Muna gani tsiron ya naɗe, ya yi fari, ya kwanta. A dakalin masallaci maza suka fara yin shiru in Baba ya iso. Shi kuwa kullum magariba karyar kara yake ji, har ta fi ta da. Ya ce ruwan yana nan daf, yayyafin nan bakinsa ne. Ya sa aka fito da tulun nan mai toka. Inna, wadda ban taɓa jin ta sa masa baki a harkar gona ba, ta tsaya a ƙofar madafi ta ce, "Malam, a bar ko da cikin ƙoƙo ne." Ya ce, "Cikin ƙoƙo me zai yi mana? In na yi jinkiri damina ta wuce ni." Kawu ma ya bi shi, ba don ya yarda ba, sai don yayansa ne. Wannan karon su biyu kaɗai suka fita. Ko yayyafi ba a yi ba. Zabi da tururuwa da zafin ƙasa suka raba irin a tsakaninsu.

A cikin waɗannan kwanaki ne, Laraba ta uku ko ta huɗu, aka karanta katin Yaya. Mai gabatarwa ya faɗi sunansa, ya faɗi sunan ƙauyenmu bai faɗa daidai ba, ya ce yana gaida mahaifinsa da mahaifiyarsa da ƙannensa, ya jero mu ɗaya bayan ɗaya. Na leƙa ta taga. Inna tana zaune da faifai a cinya, ba ta motsi, hawaye na sauka cikin garin. Da ta ga ina kallonta sai ta ce hayaƙi ne, alhali ba a hura wuta ba. Wannan ce kaɗai ranar daɗin da na tuna a bazarar nan. Tunda buƙata ta biya, na zare wayata, na naɗe, na mayar cikin tarkacen Yaya kafin asirina ya tonu.

Da magariba Baba ya shiga kamar kullum. Ya daɗe. Na ji yana kashewa yana kunnawa. Da ya fito bai nufi masallaci ba, ya zauna a kan turmin da Inna ta kife. Ya ce, "Ya koma suya." Ya ce, "Jiya karyar kara, yau suya. Damina ba ta hawowa har Giwa, nan kusa da mu, sannan ta koma Kaduna. Ba a taɓa yi ba." Ya sa ɗan yatsa a kunnensa na hagu ya girgiza, ya cire ya duba kamar zai ga wani abu. Sannan ya ce, a hankali, "Ashe kunnen ne. Kunnena ne ya lalace, na kashe wa mutane iri." Washegari ya sauke rediyon daga ƙusa, ya cire batir, ya sa ta a akwati.

Ruwan gaske ya sauka bayan kusan mako uku, ba wanda ya sanar da zuwansa. Muka shuka dawar kasuwa kamar kowa. An ci, ba a mutu ba, amma tuwon kafin safe ya saki, kuma kaurar kakanmu ba ta sake tsirowa a ko'ina ba. Kawu bai taɓa yi masa gori ba. Wasu sun yi. Akwai wanda in ya hango shi sai ya ce, "Malam, yau suya ake ko tari?" a yi dariya. Baba ya daina zaman dakali, daga salla sai gida. Mutumin da ke cika tsakar gida da magana ya koma in ka yi masa tambaya sai ya ce, "Ku tambayi masu kunne." Yaya ya rubuto yana jajanta mana, ya ce abin mamaki su a Jos tun makonni ruwa ake kamar da bakin ƙwarya, kullum yamma tsawa da walƙiya. Ni na karanta wasiƙar da bakina, a gaban Baba, na ninke na ajiye.

Na girma, na yi karatun koyarwa, aure ya kai ni Malumfashi. Na yi shekaru ina koya wa 'ya'yan mutane yadda ruwa ke zama gajimare. Ba zan yi ƙarya ba, wani lokaci abin yakan ɗarsu a raina, in kore shi. Maƙwabcinmu wani mai gyaran rediyo ne, Malam Ishaku, Kirista, asalinsu daga ƙetaren rafin nan na ƙauyenmu. Matarsa ƙawata ce, kusan kullum ina gidan. Wata rana da bazara, lokacin ina da 'ya'ya har sun tasa, na iske shi yana ɗaura doguwar waya daga shagonsa zuwa bishiyar mangwaro. Sai bakina ya ja ni. Na ce, "Malam, ai ni na riga ka wannan dabara," na kwashe labarin wayar shanya na ba shi, ina dariya, ina jiran yabo. Ya yi dariya da farko. Sannan ya tsaya da wayar a hannu. Ya ce, "Malama, ba mahaifinki ba ne mai jin ruwa a rediyo? Babana har ya rasu yana maganar shekarar da tsohon ya yi kuskure." Na ce shi ne. Ya ce, "Wayar nan, wace shekara kika sa ta?"

Ya ajiye filaya, ya zauna a bakin benci. Ya ce, "Tsawa ai tasha ce, Malama, babu tashar da ta kai ta ƙarfi. Duk walƙiyar da aka yi rediyo na ji. Gajeriyar eriya ta ji ta kusa sosai, ta nesa kaɗan-kaɗan, da haka tsohon yake awonsa. In kika ƙara mata doguwar waya, sai ta jawo ta nesa ta ajiye miki ita kamar a bayan gida. Wayar da ta kawo miki muryar Jos, ita za ta kawo hadarin Jos. Su kuwa can kan dutse suna riga mu samun ruwa nesa ba kusa ba." Ya dube ni ya ce, "Kunnensa ƙalau yake. Abin da ya ji gaskiya ne, ruwan ne ba naku ba." Matarsa ta kawo mini ruwa a kofi. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba, na ji tsoro, na kuma ji haushin yarinyar nan mai rawar kai da ba ni da yadda zan kama ta in mare ta.

Asabar ɗin makon na hau mota zuwa gida. Inna ta riga ta rasu, Kawu ma haka. Yaya bai dawo daga Jos ba, can ya yi iyali, sai dai lokacin wayar hannu ta fara shigowa, yakan bugo wa ƙanenmu jefi-jefi. Baba ya tsufa ƙwarai, kuma abin da ya ɗora wa kansa tun yana da ƙarfinsa ya zo ya same shi da gaske, kunnen ya toshe. Na iske shi a kan tabarma gindin tsamiyar nan. Wayar shanyar tana nan, ta yi tsatsa, matan ƙannena sun shanya zannuwa a kai. Na gaishe shi, na zauna ta hagunsa, na matsa har ina jin warin man zafin da yake shafawa. Sunan mahaifiyarsa gare ni, Uwata yake ce mini. Duk hanya ina shirya maganar, amma da na buɗe baki gajeriya ta fito.

Na ce, "Baba, shekarar da kaura ta ƙare, ni ce na sa wa rediyonku waya."

Ya ce, "Na'am?"

Na ɗaga murya. "Waya, Baba. Ni na sa wa rediyo waya."

Fuskarsa ta washe. Ya ce, "Waya? Yayanki ne ya bugo? Yana lafiya? Ya ce yaushe zai zo?"

Na ce yana lafiya. Matan gida sun fara juyowa suna kallonmu. Na ga in ban faɗa yau ba, ba ranar faɗa. Na kama hannunsa, na kai bakina daf da kunnensa, na ƙwala iya ƙarfina, har awaki suka firgita. "Ba kunnenku ba ne, Baba! Kunnenku ƙalau yake!"

Wata daga cikin matan ta fashe da dariya, sauran suka taya ta. Ban ga laifinsu ba, sun ga mace da hankalinta tana yi wa kurma ihu cewa kunnensa ƙalau. Shi kuwa kalma ɗaya ta isa gare shi. Ya gyaɗa kai, ya dafa hannuna kamar ni ce ke buƙatar lallashi. Ya ce, "E, Uwata, kunnen ne. Tun shekarar nan ya tafi. Allah ne ya ba ni, ya karɓi abinsa. Mutanen da na sa suka yi asara dai nake roƙon su yafe mini."

Na sake gwadawa washegari, na sake gwadawa zuwan da na yi bayan nan. Ba ya karatun boko, idonsa kuma ya riga ya gaza ajami. Maganar ba ta taɓa wuce inda ta tsaya ranar farko ba. Daminar shekarar nan ce ta ƙarshe da ya gani. A yammacin ranar farkon nan, muna zaune ban bar gefensa ba, iska ta juya, hadari ya haɗo daga gabas baƙi ƙirin. Mata suka ruga suna kwashe shanya. Aka yi wata tsawa da ta sa yara kururuwa, har ƙasa ta amsa. Baba yana zaune yana jan carbinsa, bai ɗago ba. Sai da na taɓa kafaɗarsa, na nuna masa sama.